Fuskar Nana a Bangon Falo

Al'amarin ya fara ne a azumin shekarar da ta gabaci bara, ranar da Hanif Tolliver ya tuɓe takalmansa a ƙofar gidan Rasim Avdic da ke kudancin birnin St. Louis, ya shiga ya gaishe shi, ya ce yana son 'yarsa Senada da aure.

Rasim ya karɓe shi da mutunci. Ya sa aka kawo masa abin buɗa baki, suka yi sallar magariba tare, har ya yaba ƙira'arsa. Sai da ya raka shi bakin ƙofa sannan ya ce masa, cikin Turancinsa mai nauyi, "Kai mutumin kirki ne. Amma ba namu ba ne."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma bai janye ba.

Senada ba yarinya ba ce. Ta kusa cika talatin, ita ce mai haɗa magani a wani babban kanti, kuma ita kaɗai Allah Ya ba iyayenta. Hanif malamin lissafi ne a makarantar sakandare, baƙar fata, haifaffen arewacin birnin, wanda kakansa ne ya fara musulunta a zuriyarsu. Rasim ya rantse ba launin fata ne ya hana shi ba. Ya ce harshe ne. Ya baro ƙauyensu na gaɓar kogin Drina a ƙasar Bosniya lokacin yaƙi da jaka ɗaya a hannu, ya bar 'yan'uwansa maza biyu waɗanda sai bayan shekaru aka tono ƙasusuwansu daga rami guda. Abin da ya rage masa na wancan ƙauye shi ne tsohuwar mahaifiyarsa, Nana Zehra, wadda ta koma can ta ƙi dawowa, da kuma harshen Bosniyanci da ke bakin 'yarsa.

"Idan jikokina ba su iya gaishe ni da harshena ba," in ji shi, "to waɗanda suka kore mu sun gama aikinsu."

Senada ba ta taɓa samun amsar wannan magana ba. Don haka ta koyi wata sana'a dabam, wato jinkiri. Ta ce wa mahaifinta a bari ta gama jarrabawar ƙarin girma. Ta ce wa Hanif a bari a yi wa Babo, wato mahaifinta, aikin ido. Daga nan a bari a wuce babbar salla, daga nan a bari sanyi ya sauka. Kowane ɓangare ta ba shi "nan gaba kaɗan", ta koma ɗakinta ta yi sujada ta jiƙa darduma.

Ana cikin haka Sakib ya shigo da maganar ɗansa.

Sakib abokin kasuwancin Rasim ne, tare suke da manyan motocin dakon kaya, kuma ƙauyukansu na kallon juna a can gida. Ɗansa Elvedin ba shi da wani aibu da za a nuna da yatsa. Yana da fara'a, yana sumbatar hannun manya, dariyarsa na cika ɗaki. Shi ne ya kawo wani ƙaton talabijin kyauta, irin mai tsananin haske wanda ke nuna har zaren tufafin mutum, ya hau tsani da kansa ya kafa shi a bangon falo.

Aka sa ranar Lahadi za su zo neman aure.

Rasim ya kafa sharuɗɗa biyu. Na farko, za a yi yadda ake yi a ƙauye: yarinya ce za ta dafa gahawa da hannunta, ta miƙa wa mai nema finjalinsa. In ya kurɓa ya ji sukari, an ba shi. In ya ji gishiri, sai ya ajiye finjali ya nemi takalmansa. Rasim bai ɗauki wannan a matsayin tambaya ba. Ado ne kawai a wurinsa, kamar farin mayafin da ake shimfiɗa wa tebur.

Na biyu, Nana Zehra za ta halarta.

"Ba za a nemi jikarta tana cikin tafin hannuna kamar katin banki ba," ya ce. "A bango nake son ta, girmanta ɗaya da na kowa a ɗakin."

Shi ya sa safiyar Lahadi ta sami Senada durƙushe ƙarƙashin talabijin, tana fama da wata 'yar kwamfuta wadda ba ta wuce girman kwalin sukari ba. Ta maƙala kyamara a saman talabijin, ta soka kebul a bayan kwamfutar, ta laluba bayan talabijin ta soka ɗaya bakin. Ta kunna. Fuskar talabijin ta yi shuɗi, wani ɗan rubutu yana yawo a kanta yana cewa babu sigina.

Ta kashe, ta sake kunnawa. Shuɗin nan dai.

Rasim ya tsaya a kanta da makullin mota a hannu, zai tafi gidan burodi na unguwar Bevo.

"Ya ƙi?"

"Ya ƙi, Babo."

"Ke da kike haɗa maganin zuciya, igiya ɗaya ta gagare ki?" Ya yi tsaki, ba na fushi ba. "In na dawo Nana ba ta fito ba, zan buga wa Sakib a ɗaga. Ba a yin wannan babu ita."

Ya fita. Senada ta zauna daɓas a kan kafet, ta ji wani sauƙi yana sauko mata daga kafaɗu. Ba sai ta yi ƙarya ba. Ba sai ta yi kuka ba. Abin da ake buƙata daga gare ta kawai shi ne ta bar shuɗin nan yadda yake.

Mahaifiyarta Zumreta ta leƙo daga kicin, gari har gwiwar hannu. Tun asuba take murza ƙullun pita, gashin fulawa na gargajiyarsu, a kan tebur.

"Ki tashi daga ƙasa, za ki ɓata siket ɗinki. Kuma ki wanke fuskar nan, kin yi kama da wadda za a kai asibiti."

"Mama, na gaji."

"Kowa ya gaji. Ni ban gaji ba? Shekara biyu ina tsakanin ki da ubanki kamar ƙyauren ƙofa, wannan ya tura, wannan ya ja." Ta goge goshi da bayan hannu. "Matar Sakib ta riga ta gaya wa rabin masallaci. Kin san abin da za a ce da mu in aka ji wata magana? Ubanki zai iya shiga wurin shan gahawa ya zauna? Yaron nan Elvedin me ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba."

"To." Zumreta ta ɗauki manyan faranti biyu ta ɗora ɗaya kan ɗaya. "Tandana ba za ta ɗauke su duka ba, zan kai gidan maƙwabta. Na ajiye miki sukari a kan tire. Ƙwaya biyu, yana son zaƙi."

Ƙofar baya ta rufe. Gidan ya yi tsit.

Senada ta ɗauki wayarta ta kira Hanif. Kwamfutar tasa ce. Ya ba ta aro lokacin da take shirin jarrabawa, iyayenta kuwa sun ɗauka daga wurin aiki aka ba ta.

"Assalamu alaikum, Sen."

Muryarsa ta yi ƙasa, kamar wanda ya daɗe zaune wuri ɗaya.

"Wa alaikumus salam. Hanif, ina da labari. Talabijin ɗin ya ƙi karɓar kwamfutarka. Babo ya ce in Nana ba ta fito ba za a ɗaga."

Ta jira ya yi hamdala. Bai yi ba.

"A ɗaga zuwa yaushe?"

"Ban sani ba. Sakib zai yi tafiya makon gobe, sannan ga azumi na tafe. Ƙila bayan salla."

"Bayan salla." Ya maimaita a hankali. Sannan ya ce, "A wace kafa kika soka kebul ɗin?"

"Me?"

"A bayan talabijin akwai kafofi uku ko huɗu masu kama ɗaya, kowace da lambarta. A wacce kika soka?"

"Hanif, ba ka ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Ki leƙa ki gaya mini."

"Kana so ka taimaka a haɗa talabijin ɗin da za a ba wani ni a gabansa?"

"Ina so a yi wani abu, Sen. Ko mene ne."

Hawaye suka zubo mata ba tare da ta shirya ba. Ta matse wayar da kafaɗa, ta manna kumatu da bango, ta haska bayan talabijin da ƙyar.

"Ta biyu."

"To talabijin ɗin yana kallon ta farko, shi ya sa bai ga komai ba. Ɗauki rimot. Akwai madanni a sama mai hoton akwati da kibiya na shiga cikinsa."

"Ba zan danna ba."

"Shi ke nan. Hannunki ne."

"Kada ka yi mini muryar aji, Malam Tolliver. Ni ba ɗalibarka ba ce."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. "Ɗalibaina in na ce su kawo aiki ranar Litinin, mafi lalacinsu yana kawowa kafin ƙarshen zango."

"Wannan ba adalci ba ne."

"Ba adalci ba ne, na sani. Ki yafe mini." Ya numfasa. "Kin san Ummi ta daina tambayata labarinki? Da can kullum in na je cin abincin Lahadi sai ta ce, yaya 'yar Bosniyata. Yanzu sai ta zuba mini abinci ta kalli gefe. Tambayar ta fi mini sauƙi. Na koyi gaisuwar safe da ta yamma da harshenku. Na koyi yadda ake ce wa tsohuwa Allah Ya ƙara lafiya. Ina maimaitawa a mota ni kaɗai kamar mai taɓin hankali, ban san ko akwai ranar da zan faɗa wa wani ba."

"Ina son ka, Hanif. Allah ne shaidata."

"Ban taɓa shakka ba. Amma kina son Babo, kuma daidai ne ki so shi. Kin riƙe mu duka biyu, hannuwanki sun sage, mu ma mun sage." Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Ba zan ce ki zuba gishiri ba. Wallahi in kika zuba sukari ba zan zage ki ba, zan yi miki addu'a in matsa gefe. Amma in aka sake ɗagawa, ba zan ƙara kiran ki ba. Ba fushi ba ne. Ƙarfina ne ya ƙare."

Senada ta daɗe tana kallon rimot a hannunta. Ta yi istihara tun tuni, ba sau ɗaya ba, kuma kowane lokaci zuciyarta wuri ɗaya take komawa. Tsoro ne ya rage.

Ta danna. Jerin lambobi ya fito a gefe. Ta sauko kan ta biyu.

Shuɗin ya ɓace. Hoton da Hanif ya bari a kwamfutarsa ya cika bangon, wata bishiya ce a filin shaƙatawa inda suka taɓa zama da ƙanwarsa a tsakaninsu.

"Ya fito," ta ce da dusasshiyar murya. "Amma gefunan sun yanke. Ba na ganin abubuwan da ke ƙasa."

"Talabijin ne yake faɗaɗa hoton fiye da kima. Shiga wurin gyaran hoto, ki zaɓi wanda ya ce daidai da allo."

Ta yi. Gefunan suka dawo.

"Saura sauti. In ba ki canza ba, muryar Nana za ta riƙa fita daga 'yar kwamfutar kamar kukan sauro. Je kusurwar dama ta ƙasa, wurin hoton lasifika, ki zaɓi sunan talabijin."

Wani ɗan ƙara ya fito daga bango, cikakke, mai zurfi.

"Ya yi," ta ce.

"To daga nan ba kya buƙatata. Ki canza hoton bishiyar kafin su zo." Sannan ya ce, "Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Sen."

Ya kashe kafin ta amsa.

Ta goge fuska da gefen mayafinta, ta cire hoton bishiyar. Sannan ta ce a ranta bari ta gwada kiran, don a can gida yanzu la'asar ta yi. Tetka Mevlida, ƙanwar mahaifinta da ke kula da Nana, ta ɗauka. Aka ga silin, aka ga labule, aka ji tana cewa, "Tsaya in jingina ta, ni zan je in yi salla." Daga nan hoton ya tsaya cak.

Nana Zehra ta cika bangon falo.

Senada ta ja baya ba ta sani ba.

Kowace Juma'a suna magana da Nana a wayar Babo, fuskarta ba ta wuce faɗin yatsu uku ba, kullum cikin farin ɗankwali, kullum tana faɗa a kan ba a ciyar da Senada. A wannan bangon kuwa babu abin da ya ɓuya. Farin idonta ya koma rawaya. Fatar wuyanta ta saki, zoben da ke yatsanta an naɗa masa zare don kada ya zame. A kan taga, bayan kafaɗarta ta hagu, akwai wani kwali fari mai jan layi, rubutunsa ya fito ɓaro-ɓaro.

Senada ta san kwalin. Takan miƙa irinsa ta taga a wurin aiki, kuma ta san waɗanda ake rubuta wa shi ba sa daɗewa a duniya.

"Me kike kallona haka kamar kin ga fatalwa?" in ji Nana. "Ba gaisuwa?"

"Barka da yamma, Nana. Wa ya rubuta miki wancan maganin?"

"Wane magani?"

"Na kan taga."

Tsohuwar ta waiwaya, ta miƙa hannu ta ja labule a kansa, amma ta makara. Ta juyo tana harararta.

"Tun kaka nake ɓoye wa ubanki a 'yar wayar nan lafiya lau. Yau ɗaya kun rataye ni a bango kamar agogo kun tona mini asiri."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce in ci duk abin da raina ke so. Yaro ne mai ladabi." Ta gyara zaman ɗankwalinta. "Ya ce ƙila in ga furen tuffa. Bai yi mini alkawarin 'ya'yan ba."

Senada ta durƙusa a gaban talabijin, ta rufe baki da hannu.

"Kada ki fara mini. Mevlida ta ishe ni da kuka. Kuma ubanki ba zai ji yau ba, kin ji ko? Ni zan gaya masa da bakina, bayan baƙi sun tafi da kwana biyu."

"Nana, akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba."

"Malamin makarantar?"

Senada ta ɗago kai.

"Uwarki ta gaya wa Mevlida, Mevlida kuwa bakinta ba shi da murfi. Tun bara nake jira in ji daga gare ki. Kowace Juma'a sai ki ce mini aiki lafiya, sanyi ya yi yawa." Nana ta matso da fuskarta, har Senada na ganin jijiyoyin da ke cikin idonta. "Yana salla?"

"Ya fi ni kiyayewa."

"Yana da uwa?"

"Yana da ita. Yana zuwa wurinta duk Lahadi."

"Yana jin maganarmu?"

"Yana koyo. Ya iya gaisuwa."

"Gaisuwa." Tsohuwar ta taɓe baki. "Akuyar Mevlida ma ta kusa iya gaisuwa."

Duk da hawayen, sai da dariya ta kuɓuce wa Senada. Nana ba ta yi dariya ba.

"Ki saurare ni, 'yar ɗana. Ina kan hanya, ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. In ni aka tambaya, ɗan Sakib nake so. Na san kakarsa, tare muka yi wanki a kogi. 'Ya'yanku za su zo ƙauyen nan su karanta sunayen da ke kan duwatsun maƙabarta ba sai an fassara musu ba. Na binne 'ya'yana maza biyu a rana ɗaya, abin da aka kawo mini nasu bai cika zani guda ba. Ubanki ba mugu ba ne. Tsoro yake ji kada mu ƙare."

"Na sani, Nana."

"Kin sani, shi ya sa kika tsaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗora wa kaya ta gefe biyu. To ni abin da ba na so in sake ji shi ne nan gaba kaɗan. Ku kuna da nan gaba. Ni ba ni da ita."

Senada ta kalli kebul ɗin da ya sauko daga bayan talabijin, baƙi, siriri, ya lanƙwasa ya shige bayan 'yar kwamfutar.

"Zan iya zare shi," ta ce a hankali. "In ce ya ƙi. Ko in bari sai an zauna in taɓa shi da ƙafa. Ba sai kin ga abin da zai ɓata miki rai ba."

"Ni za ki kare daga ganin finjalin gahawa?" Nana ta girgiza kai. "Idon nan ya ga abin da ya fi haka ɗaci. Ki bar ni a bangona. In abu ya faɗo wa ubanki a gaban mutane, zai nemi fuskar da zai kalla. Gara ya sami tawa."

"Kin yarda ke nan?"

"Ban ce na yarda ba. Na ce ina nan."

Ƙarar makulli ta zo daga ƙofar gaba. Senada ta miƙe da sauri ta juya baya tana gyara matasan kujera.

Rasim ya shigo rungume da burodi mai zafi cikin takarda. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ajiye burodin a kan kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Mama," ya ce. "Kamar in miƙa hannu in taɓa ki."

"Wanke hannun tukuna."

"Kin rame."

"Talabijin ɗin ɗan Sakib ne, yana rage mutum. Ka ce ya mayar ya karɓo mai ƙiba."

Rasim ya yi dariya har da hawaye. Idonsa da aka yi wa aiki bai kai na 'yarsa gani ba, kuma labulen ya rufe kwalin. Ya juyo ya kama kan Senada da hannu biyu ya sumbaci goshinta.

"Na san za ki iya. Ba ki taɓa ba ni kunya ba."

Ba ta iya ɗaga ido ta kalle shi ba.

Bayan azahar motoci biyu suka tsaya a bakin gida. Ta taga Senada ta hango Sakib cikin kwat, matarsa da tiren kayan zaƙin da suke kira baklava, Elvedin a bayansu da furanni cike da hannu, yana duba gashinsa a gilashin mota. Takalma suka jeru a bakin ƙofa. Falon ya cika da gaisuwa, kowa na ɗaga murya yana gaida Nana kamar bangon ne kurma. Ta ji Elvedin yana cewa da yana kusa da ya sumbaci hannunta, ta ji Nana na amsa masa da cewa ya sumbaci talabijin ɗin, ai nasa ne. Aka yi dariya.

A kicin Zumreta ta jera finjalai a kan tiren tagulla, ta ware ɗaya gefe.

"Wannan nasa ne. Kada hannunki ya yi rawa." Ta gyara wa 'yarta mayafi, ta fita wurin baƙi.

Senada ta ɗora ɗan tulun tagulla a kan wuta. Ta zuba garin gahawa, ta jira kumfa ta taso, ta sauke, ta sake mayarwa yadda Nana ta koya mata tun tana tsayawa a kan kujera kafin ta kai murhu. Ƙofar kicin a buɗe take kaɗan. Daga inda take tana ganin gefen fuskar mahaifinta cike da annuri, da rabin fuskar Nana a bango, da kebul ɗin nan a ƙasa, daidai inda ƙafarta za ta bi in ta shiga da tire.

Ta tuna goshinta da aka sumbata. Ta tuna mutumin da ke maimaita gaisuwa shi kaɗai a mota. Ba ta ji wani ƙarfi ya zo mata ba, gajiyar dai ce, amma ta gaji da jinkirin fiye da yadda take tsoron abin da zai biyo baya.

Daga falo muryar Sakib ta tashi, ya gyara ta irin ta manya, ya fara da sunan Allah.

Ƙwayoyin sukari biyu na nan kan tire inda mahaifiyarta ta ajiye. Senada ta mayar da su cikin kwalinsu, ta yi bismillah, ta miƙa hannu kan kantar kicin ta sauko da gwangwanin gishiri.

Ba za ta taɓa kebul ɗin ba. Gishiri za ta zuba, kuma a gaban Nana za ta miƙa masa.